Hidimar Dattijo Idan Hankalinsa Ya Yi Rauni: Darasi Kan Gigin Tsufa, Jinya Da Kwanakin Ƙarshe

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda tsufa ba ya riskarsa, mantuwa ba ta kama shi. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaba Annabi Muhammadu (SAW), wanda ya koyar da girmama furfura da tausaya wa mai rauni, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, da wuya a sami zawiyar da ba ta da irin wannan dattijo. Shi ake tararwa zaune kafin a shimfiɗa farin ƙyallen wazifa, ya shekara talatin ko arba'in lazimi bai taɓa wuce shi ba. Sai a wayi gari tasbaha tana tsayawa a hannunsa, ya manta inda ƙirga ta kai. Ya tambaya ko an yi la'asar, a ce masa an yi, jim kaɗan ya sake tambaya. Wata rana ya fito daga masallaci ya kasa gane ƙofar gidan da shi ya gina. Daga nan sai a daina ganinsa. Idan an tambayi iyalinsa sai su ce jikin tsufa ne, magana ta ƙare. A cikin gida kuwa an ware masa ɗaki, wani lokaci har da kwaɗo a ƙofa, mace ɗaya tana fama da shi dare da rana, kowa yana jin nauyin a san halin da ake ciki.

Wannan darasi a kan wannan dattijo yake, shi da tsohuwar da ke cikin irin halinsa. Abin da ake so muridi ya riƙe shi ne: duk gwargwadon da hankalin tsoho ya ragu, haka shari'a take sauke masa nauyi, nauyin kuma ba ya faɗuwa ƙasa, yana komawa ne kan ƴaƴansa da iyalinsa da ƴan'uwansa na ɗariƙa.

Gigin tsufa ciwo ne

Alƙur'ani mai girma ya ambaci wannan hali a Suratun Nahli aya ta 70 da Suratul Hajji aya ta 5, inda aka bayyana cewa daga cikin mutane akwai wanda ake ja wa kwana har ya kai matakin da saninsa na da yake kuɓuce masa. Ya tabbata a Sahihul Buhari cewa Manzon Allah (SAW) yana neman tsarin Allah daga kaiwa wannan mataki. Ke nan jarrabawa ce da aka san da ita tun farko.

Sai dai ba kowace mantuwa ce gigin tsufa ba. Tsohon da ya manta inda ya ajiye hularsa, ko sunan wani jikansa ya shige masa ya dawo bayan ɗan lokaci, lafiyarsa lau. Ana maganar ciwo ne idan mantuwar tana ƙaruwa wata bayan wata har ta hana mutum abin da ya saba yi: ya kasa lissafin kuɗi, ya rikita jerin gaɓoɓin alwala, ya ɓata a unguwarsu, kalmomi su riƙa ɓace masa, halinsa ya sauya.

Mafi yawan masu wannan ciwo, kashi 60 zuwa 70 cikin 100, suna da nau'in da ake kira Alzheimer, sunan likitan Jamus da ya fara bayaninsa a 1906. Wasu gurɓatattun sinadarai ne ke taruwa a ƙwaƙwalwa suna kashe ƙwayoyinta sannu a hankali. Ɓarnar takan fara daga sashen da ke ajiye sabon abu, shi ya sa tsoho zai manta abin da ya karya kumallo da shi, amma ya kawo labarin yunwar 1984 ko ranar da ya karɓi ɗariƙa daki-daki. Nau'i na biyu a yawa yana zuwa ne daga lalacewar hanyoyin jini na ƙwaƙwalwa, sanadiyyar hawan jini da ciwon sukari da shanyewar ɓarin jiki. Wannan ana iya rage haɗarinsa tun mutum yana da sauran ƙarfi, ta hanyar awon jini a kai a kai, rage gishiri da magi, barin taba, da shan maganin hawan jini ba fashi idan awo ya tsaya a 14 da 9 ko sama da haka.

Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa masu wannan ciwo sun haura miliyan 55 a duniya, fiye da kashi 60 cikin 100 kuma suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi. A Nijar waɗanda suka wuce shekara 65 ba su kai kashi 3 cikin 100 na jama'a ba, amma matsakaicin tsawon rai, wanda bai kai shekara 40 ba a 1960, yanzu ya wuce 60. Ma'ana, gidajen da za su haɗu da wannan jarrabawa ƙaruwa za su yi.

Saboda haka idan dattijon da aka sani da kunya ya fara zagi, ko ya tuɓe tufafinsa a tsakar gida, ko ya ce surukarsa ta sace masa kuɗi, a sani ciwon ne ke aiki. Kada a ce asirinsa ne ya tonu, kada a ɗora wa kishiya ko maƙwabci laifin sammu ba da hujja ba. Mafi muni shi ne abin da ake yi wa wasu tsofaffin mata, idan an same su suna yawo da dare suna sambatu sai a kira su mayu. Wannan ƙazafi ne ga maras lafiya, kuma zalunci ne da za a tsaya a kansa gaban Allah.

Ruɗewar da ke zuwa farat ɗaya

Akwai wata ruɗewa dabam da ya zama dole kowane gida ya iya bambance ta, domin ita tana da magani, kuma sakaci da ita yana kisa. Gigin tsufa a hankali yake shigowa, cikin watanni da shekaru. Amma tsohon da ya kwana lafiya ya tashi yana sambatu, yana ganin abin da babu, ko barci ya danne shi ba ya farkawa sosai, to a nemi wani ciwo a jikinsa. Abubuwan da suka fi kawo haka su ne zazzaɓin cizon sauro, ciwon huhu, ciwon mafitsara, riƙewar fitsari ko bayan gida, faɗuwar sukari ga mai shan maganinsa, sabon maganin da bai karɓe shi ba, da ƙarancin ruwa a jiki. Tsoho yana iya ɗauke da ciwo mai tsanani jikinsa bai yi zafi ba. Kuma ƙishirwa ba ta kama shi kamar yadda take kama saurayi, don haka a bazara, lokacin da zafi ke kaiwa digiri 45 a Tawa da Yamai, ba a jiran ya nemi ruwa, miƙa masa ake yi.

Irin wannan a kai shi asibiti a ranar. Idan kuwa baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko harshe ya yi nauyi, ko sa'a ɗaya ba a jira.

Neman magani

Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Usamatu ɗan Sharik (RTA) cewa wasu mutanen ƙauye sun tambayi Manzon Allah (SAW) game da neman magani, sai ya umarce su da nema, ya sanar da su cewa kowace cuta Allah ya sanya mata magani in ban da tsufa. A cikin wannan hadisi akwai iyaka biyu. Ta farko, ba a barin tsoho da ciwon da ke warkewa da hujjar cewa ya ci zamaninsa. Yanar ido ana cire ta da ɗan gajeren aiki mutum ya koma karatun Alƙur'aninsa. Toshewar kunne, ciwon haƙori, ƙaba, ƙarancin jini da baƙin ciki mai kwantar da mutum duk ana maganinsu, wasunsu kuma suna ƙara ruɗewa ko su yi kama da gigin tsufa. Ta biyu, tsufa kansa ba a sayen maganinsa. Har yau babu maganin da ke warkar da Alzheimer. Akwai ƙwayoyi irin su donepezil da memantine da kan sassauta alamomi na wani lokaci ga wasu, amma ba sa tsayar da ciwon. Duk wanda ya karɓi kuɗin iyali da alkawarin dawo da hankalin tsoho kamar da, ya ci haram.

Addu'a da tofi da sadaka suna tafiya tare da asibiti, ɗaya ba ya korar ɗaya, kuma riƙo da sababi ba ya warware tawakkali. Hanyar ita ce a fara da likitar CSI mafi kusa, a auna jini da sukari, a duba zazzaɓi da fitsari, daga nan a tura shi asibitin gunduma ko babban asibitin jaha idan da buƙata. Likitocin jijiyoyi da ƙwaƙwalwa sun fi taruwa a Yamai, amma mafi yawan abin da tsoho ke buƙata ana samunsa kusa da gida. Wanda zai raka shi ya zama wanda ke kwana da tashi da shi, ya tattara duk magungunan da yake sha, na asibiti da na gargajiya, a leda ɗaya ya nuna wa likita.

A nan akwai tanbihi. Ƙodar tsoho da hantarsa ba sa tace magani da sauri, abin da saurayi zai sha ya wuce yana iya kayar da shi. Ƙwayoyin sa barci irin su diazepam, da tramadol da ake saye hannun masu talla, suna ƙara ruɗewa, suna jawo faɗuwa da karayar ƙugu. Yawan shan diclofenac da ibuprofen saboda ciwon gaɓoɓi yana cin ciki yana lalata ƙoda. Bai wa tsoho ƙwaya don kawai ya yi shiru mutanen gida su huta cin amana ne.

Hukuncin ibadarsa

Hankali shi ne sharaɗin ɗora wa bawa hukunci. Hadisin da ma'abuta Sunan suka ruwaito ya nuna an ɗauke alƙalami daga mutum uku: mai barci, yaro, da wanda hankalinsa ya gushe. Don haka tsohon da gigi ya rufe shi, bai san lokaci ba, bai san abin da yake faɗa ba, babu salla a kansa, babu azumi, babu ramuwa, babu ciyarwa. Wanda hankalinsa ke zuwa yana tafiya, hukunci yana hawa kansa a lokacin da yake cikin hayyacinsa kawai.

Matuƙar da sauran hankali, ana taimaka masa ya yi ibada gwargwadon ikonsa. Hadisin Imrana ɗan Husaini (RTA) ya ba maras lafiya damar salla a tsaye, ko a zaune, ko a kwance a gefe. Idan ruwa yana cutar da shi ya yi taimama. A mazhabar Malikiyya, yoyon fitsarin da ke lazimtar mutum rabin lokaci ko fiye ba ya warware alwala. Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ta yi sauƙi ga maras lafiyar da ke tsoron gushewar hankalinsa a lokacin salla ta biyu, ya haɗa azahar da la'asar bayan zawali, magariba da isha'i bayan faɗuwar rana. Wannan ya dace da masu gigin tsufa da yawa, domin ruɗewarsu takan tsananta idan yamma ta yi. Tsohon da hankalinsa ke nan amma azumi ya fi ƙarfinsa zai sha, an kuma so ya ciyar da mudu ɗaya na mudun Annabi (SAW) a madadin kowace rana, mustahabbi ne a wurin Malikiyya.

Idan ya maimaita la'asar sau uku a ƙyale shi. Idan ya rikita raka'o'i kada a yi masa dariya, kada a daka masa tsawa. Wani ya tsaya kusa da shi yana yi yana bi.

Game da wuridi, sananne ne a fiƙihun Ɗariƙar Tijjaniyya cewa maras lafiya yana da zaɓi a lazimi, in ya iya ya yi, in ya bari babu ramuwa a kansa. Wanda ya yi taimama yana karanta Salatul Fatihi ƙafa 20 a madadin Jauharatul Kamali. Wanda ƙirga ke ɓace masa, ɗansa ko almajirinsa ya zauna kusa da shi ya ja masa tasbaha. Iyalin da ke baƙin cikin ganin mahaifinsu ya bar abin da ya shekara yana yi, su tuna hadisin Abu Musal Ash'ari (RTA) a Buhari, wanda ya yi bushara cewa bawa idan ya yi rashin lafiya ko tafiya ana ci gaba da rubuta masa ladan abin da ya saba yi lokacin lafiyarsa.

Haƙƙin dukiya kuwa bai faɗi ba. Zakka tana nan a kan dukiyarsa, waliyyinsa ne zai fitar. Cinikinsa da kyautarsa da sakinsa a halin gushewar hankali ba sa zartuwa. Ɗan da ya kama yatsan mahaifinsa ya dangwala a takardar gona ko gida, alhali ya san tsohon bai san abin da ake yi ba, ya ci dukiyar ƴan'uwansa da zalunci. Idan dattijon limami ne ko muƙaddami, manyan zawiya su sauke masa aikin cikin hikima, su bar masa wurin zamansa da girmansa.

Ladubban hidima

Suratul Isra'i aya ta 23 da ta 24 ta ambaci tsufan iyaye musamman, ta hana ko da ƙaramar kalmar ƙosawa, ta yi umarni da magana mai daɗi da ƙanƙan da kai. Mai jinyar tsoho ya fi kowa sanin hikimar wannan hani, domin tambaya ɗaya sau ashirin tana gwada haƙurin kowa.

Ba a gardama da mai gigin tsufa, domin abin da zai kama hujja da shi ne ciwon ya taɓa. Idan ya ce, "Ina Hajiya? Ba ta kawo mini ruwan alwala ba," alhali ta shekara biyar da rasuwa, wanda ya ce masa ta mutu ya sa shi sabon makoki, gobe kuma ya sake. Ya isa ɗansa ya ce, "Baba, ga ruwan na kawo muku. Wace buta ce Hajiya take zuba muku?" Bai yi ƙarya ba, bai kuma sosa masa rai ba. Idan tsohuwa ta ce an sace mata kuɗi, sai a ce, "Inna, ku zo mu duba ƙarƙashin matashi." A zo masa ta gaba, a yi sallama, mutum ya faɗi sunansa, a yi magana ɗaya a jira amsa. Kada a riƙa jarraba shi da "Kun gane ni?" a gaban baƙi.

A bar masa ɗakinsa da shimfiɗarsa da lokutan da ya saba. A ba shi ɗan aikin da hannunsa ya sani, kamar ɓarar gyaɗa ko tufkar igiya. Karatun da aka haddace tun ƙuruciya da zikiri da ƙasidun yabo suna daɗewa ba su goge ba, sau da yawa wanda ya manta sunan ɗansa yana bin hailala idan an ja ta kusa da shi, hankalinsa kuma ya kwanta.

Maimakon kulle shi ko ɗaure shi, a gyara gidan. A rufe rijiya, a nisanta wuta da gas da wuƙa da magunguna, a bar fitila tsakanin ɗaki da makewayi, a samo kujera mai rami ga wanda tsuguno ya gagara. A ɗinka masa ƴar takarda a aljihu mai ɗauke da sunan unguwa da lambar wayar ɗansa, a sanar da maƙwabta da masu shago da ƴan kabu-kabun bakin hanya.

Idan ya kwanta, a riƙa juya shi kamar kowace sa'a biyu, a duba ƙugu da gadon baya da dunduniya, domin jan tabon da bai gushe ba shi ne farkon gyambon kwanciya. A tsare bushewar shimfiɗa, a tsare al'aurarsa, namiji ya wanke namiji, mace ta wanke mace idan da hali. Wajen ci a zaunar da shi sosai, a ba shi kaɗan-kaɗan da cokali, a bar shi zaune kamar rabin sa'a bayan ya gama. Wanda ke ƙwarewa da ruwa, kunu mai kauri da fura mai kauri sun fi masa sauƙin haɗiya. Ɗura wa mutum abinci yana kwance yana tura shi cikin huhu.

Wa ke ɗauke da nauyin

A gidaje da yawa na Maraɗi da Damagaram da Tawa, ƴaƴa maza suna wajen bida a Najeriya ko Libiya ko Abijan, jinya ta faɗa kan mata ko suruka ko jikar da aka cire daga makaranta. Wajibin kula da iyaye a kan ƴaƴansu yake. Abin da suruka ke yi kyautatawa ce da ta cancanci godiya da taimako da hutu. Aiko kuɗi yana da lada, amma ba ya juya maras lafiya da tsakar dare. Ƴaƴa su zauna su raba kwana da kuɗin magani, wanda ke nesa ya ɗauki nauyin wanda zai karɓi mai jinya ta samu barci. Mai jinyar da ta gaji har ta fara jin haushin tsohon ba muguwa ba ce, alama ce an bar ta ita kaɗai.

Mutanen tasawwufi sun san darajar Uwaisul Ƙarni (RTA), wanda ya zauna a Yaman yana hidimar mahaifiyarsa bai samu ganin Manzon Allah (SAW) ba, amma Sahihu Muslim ya kawo yadda Sayyidina Umar (RTA) ya nemi ya roƙa masa gafara. Muridin da ke shirin ziyarar Kiyota ko Kaulaha ko Fas alhali mahaifinsa yana kwance babu mai juya shi, ya sake duba lissafinsa. Hidimar da ke karya girman kai ba ta wuce wanke wa tsoho najasa da hannu, alhali bai gane mai wanke shi ba balle ya gode.

Zawiya ma tana da nata rabo. Ranar buɗe Makka, da Sayyidina Abubakar (RTA) ya kawo mahaifinsa Abu Ƙuhafa, tsoho makaho, Manzon Allah (SAW) ya nuna ya fi son a bar tsohon a gida shi ya je wurinsa. Muƙaddami ya san dattawan da aka daina gani. A tsara masu zuwa gaisuwa biyu-biyu, ziyara gajera ba hayaniya, wani lokaci a kai masa wazifa ɗakinsa, a ware wani abu daga asusun zawiya don magani da sabulu da ƙunzugun manya.

Idan ajali ya gabato

Tun dattijo yana cikin hayyacinsa ya kamata a yi maganar da ake gudu: basussuka da ajiyar mutane, wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba kuma ba ta magaji ba, wanda zai yanke shawara a madadinsa, da inda yake so a yi jinyarsa. Manzon Allah (SAW) da kansa ya nemi izinin matansa a yi jinyarsa a ɗakin Nana A'isha (RTA), kuma ya nuna rashin yarda da aka ɗura masa magani bayan ya yi ishara a bari.

Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OCI, a zamanta na Jidda a 1992, ta bayyana cewa hukuncin neman magani yana sauyawa: wajibi ne idan barinsa zai kai ga halaka ko rasa gaɓa, yana kuma zama makaruhi idan ana tsoron illarsa ta fi ciwon. Ta kuma shardanta izinin maras lafiya, ko na waliyyinsa idan hankalinsa ya gushe, bisa maslahar shi maras lafiyar. A zamanta na Amman a 1986 ta halatta cire na'urar numfashi idan ƙwararrun likitoci sun tabbatar ƙwaƙwalwa ta daina aiki gaba ɗaya ba dawowa. Amma ba wa mutum wani abu da nufin gaggauta mutuwarsa kisan kai ne, ko da tausayi aka fake da shi.

Kafin a sayar da gona a ɗauki tsoho mai nisan ciwo zuwa Yamai, iyali su tambayi likita abu uku: me wannan magani zai ƙara masa, wace wahala zai sha a kansa, me zai faru idan ba a yi ba. Idan amsa ta nuna warkewa ta wuce, komawa gida da shi ba sakaci ba ne, matuƙar kulawa ba ta tsaya ba. Akwai fanni guda a likitanci da aikinsa shi ne sassauta wahalar wanda ba zai warke ba. Cicely Saunders ce ta kafa gidan farko na zamani na irin wannan jinya a Landan a 1967, a 2014 kuma babban taron OMS ya nemi ƙasashe su sanya ta cikin tsarin lafiyarsu. Ana fara rage zafi da paracetamol, a hau zuwa mai ƙarfi har morphine idan ciwo ya tsananta. Malamai sun halatta irin wannan saboda lalura a hannun likita, kuma idan an ba da shi bisa ƙa'ida ba ya gaggauta ajali. Mai gigin tsufa ba ya iya cewa ga inda ke ciwo, sai a karanta a fuskarsa da nishinsa da yadda yake ƙanƙame jiki idan an taɓa shi.

A kwanakin ƙarshe barci yana yawaita, fitsari ya ragu, hannaye da ƙafafu su yi sanyi, numfashi ya riƙa tsayawa yana dawowa, ci da sha su fita daga ransa. Ana miƙa masa, ba a tilasta masa, kuma Tirmizi ya ruwaito hani ga tilasta wa marasa lafiya abinci. Likitocin tsofaffi sun lura cewa robar abinci ta hanci ba ta ƙara wa mai gigin tsufa da ya kai ƙarshe kwana ko jin daɗi. A riƙa jiƙa masa leɓe da auduga, a goge masa baki, kamar yadda Nana A'isha ta tausasa asuwaki ta ba Manzon Allah (SAW) a ranarsa ta ƙarshe.

Sannan a fuskantar da shi alƙibla idan ba zai wahala ba, a rage jama'a, a bar maganar gado da kururuwa, domin sau da yawa mai gargara yana ji ko da ba ya amsawa. A riƙa tuna masa rahamar Allah don ya cika yana kyautata zato ga Ubangijinsa. Wanda ya fi saba wa muryarsa ya riƙa faɗin kalmar shahada a hankali kusa da kunnensa, ba tare da matsa masa ya faɗa ba. Idan ya faɗa a yi shiru, sai in ya yi wata magana a sake. Idan kuwa harshensa bai motsa ba, ko ya cika yana sambatu, kada kowa ya munana zato, kada a fita da labarin waje. Mutumin da aka ɗauke wa alƙalami ba a auna cikawarsa da abin da ciwo ya sa bakinsa ya furta. Abin da ya shuka lokacin da hankalinsa ke tare da shi yana wurin Wanda ba ya mantuwa.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya sa abin da suke sha ya zama kankarar zunubi da ɗaukakar daraja. Allah ya ƙarfafi masu jinya, ya saka musu da ƴaƴan da za su jiƙansu. Allah ya jiƙan magabata, ya sa a cika da imani, albarkar Shugaba Annabi Muhammadu (SAW). Wallahu a'alam.